Bikin Ginawa na Essawira da rabin labarin da ba a kaɗawa

Duk shekara idan watan Yuni ya yi nisa, wani ɗan gari da ke bakin Tekun Atlantika a ƙasar Maroko yakan cika ya batse har ya rasa inda zai sa baƙinsa. Essawira sunansa, tafiyar kamar awa uku a mota daga Marakesh, kuma mazaunansa ba su kai dubu 100 ba. Amma a 'yan kwanakin bikin Ginawa, masu shirya taron kan ce mutum dubu 300 ko fiye ke shiga garin. Otal-otal su cika, gidajen haya su cika, samarin da suka taso daga Kasabalanka da Agadir da ɗan guzirinsu su kwana a kan yashin bakin teku. Abin da ke tara wannan jama'a kuwa kiɗan wasu mutane ne da ake kira Ginawa, waɗanda shekara 50 da suka wuce mai ji da kansa ba ya so a gan shi tsaye a wurin wasansu.

Ni ina cikin masu ganin bikin nan ya yi aikin alheri, kuma masu kukan cewa ya lalata kiɗan Ginawa sun zuzuta abin fiye da yadda yake. Ƙorafina a wani wuri yake daban. An ɗauko kiɗan an ɗora shi a kan dandali, an haska shi da fitilu, duniya ta tafa, amma labarin yadda kakannin makaɗan suka iso Maroko, da wanda ya kawo su, da wanda ya sayar da su, an bar shi a ƙasa ana ratsa shi da sauri. Mu Hausawa kuwa akwai hannunmu a wannan labarin, ta gefen waɗanda aka sayar da ta gefen waɗanda suka sayar.

Sarkin Maroko Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ne ya gina garin a shekarun 1760, da gangan, don ya zama tashar da fatauci tsakanin ƙasarsa da Turai zai riƙa bi. Ya sa wani Bafaranshe mai suna Théodore Cornut ya zana masa shi, shi ya sa titunan tsohon garin suke a miƙe, ba kamar lungunan Fas masu ɓatar da baƙo ba. Ya kira attajiran Yahudawa ya zaunar da su a matsayin dillalan sarki, har ya zama a ƙarni na 19 wajen kashi 40 cikin ɗari na mutanen garin Yahudawa ne. Turawa na kiran wurin Mogador, fatake kuwa na yi masa kirari da tashar jirgin ruwan Tambutu, domin a nan ayarin da ya keto Sahara ke sauke zinariya da hauren giwa da gashin jimina da ƙaro, ya ɗauki shayi da sukari da yadi ya koma. A cikin kayan ayarin akwai mutane.

Shigar baƙar fata Maroko a matsayin bayi ta girmi garin nesa ba kusa ba. Bayan yaƙin Tondibi a 1591, lokacin da rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta rusa daular Songhai, an kwashi mutane da yawa zuwa arewa. Cikin waɗanda aka tasa ƙeyarsu zuwa Marakesh har da babban malamin Tambutu, Ahmad Baba. A 1615, bayan ya koma gida, aka aiko masa da tambaya daga Tuwat ta cikin Sahara kan su wa ya halatta a bautar, ya amsa cewa launin fata ba shi ne dalilin bauta ba, kuma mutanen Barno da Kano da Katsina da Songhai Musulmi ne, mallakarsu haramun ce. Bai haramta bautar gaba ɗaya ba, malamin zamaninsa ne. Amma tambayar kanta ta isa shaida: da ba a ganin Kanawa da Katsinawa a kasuwar bayi, da ba a yi ta ba. Daga baya Sarki Maulay Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya tattara baƙaƙen ƙasarsa, bayi da 'ya'ya duka, ya mai da su runduna, ya rantsar da su a kan Sahihul Bukhari, aka riƙa kiransu Abidul Bukhari. Wani malamin Fas, Abdussalam Jassus, ya ƙi sa hannu a kan halaccin bautar da Musulmi 'yantattu, aka kashe shi. Kasuwar bayi ta Marakesh kuwa ba ta rufe ba sai da Faransawa suka shigo a 1912.

Daga cikin waɗannan mutane Ginawa suka fito. Ba ƙabila ɗaya ba ce, tarin waɗanda aka raba da gida ne suka haɗa zumunci a baƙon wuri, suka ɗauki Sayyidina Bilal a matsayin uba tunda an yanke su daga nasu iyayen. A Essawira har yau akwai zawiyyarsu mai sunansa a jikin ganuwar gari. A waƙoƙinsu ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa da Sudan, wato ƙasar baƙar fata, ana jero kalmomin da mai rerawar kansa sau da yawa ya gaje su ne bai san fassararsu ba. Kada mu cika baki dai: mafi yawan bayin da aka fitar daga ƙasar Hausa da Barno hanyar Agadas da Ghat da Fezzan suka bi zuwa Tarabulus da Tunis, shi ya sa sawun Hausa ya fi fitowa fili a Stambeli na Tunisiya da Diwan na Aljeriya. Na Maroko ya fi karkata ga mutanen kogin Kwara ta sama, Bambara da Songhai. Duk da haka Bahaushen da ya ji Ginawa karon farko ba ya buƙatar tafinta kafin ya ɗaga kai.

Dubi kayan kiɗan. Babban cikinsu gimbiri ne: akushin itace dogo mai kusurwa huɗu, an rufe shi da fatar wuyan raƙumi, an ja masa tsirkiya uku ta hanjin akuya, a ƙarshen sandar an soka wani ɗan ƙarfe mai zobba da ke kaɗawa duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. Makaɗin yana fizgar tsirkiyar da yatsa, a lokaci guda yana bugun fatar, sai ka ji kamar mutum biyu ne, mai molo da mai ganga. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Wanda ya san garaya da gurmi ya san danginsu ne. 'Yan amshi kuma, waɗanda suke kira kuyu, kowa na riƙe da ƙarafa biyu-biyu a kowane hannu suna kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Su suna cewa ƙaraƙib, mu sambani muka sani, wanda mata ke kaɗawa a gidajenmu. Hulunansu a jere da wuri, da dogon tunku a tsakiya wanda suke juyawa da kai yayin da ƙafa ke aikinta. Wasunsu kan ce ƙarar ƙarafan nan ƙarar mari ce a ƙafar bawa. Ko haka asalin yake ko daga baya aka ba shi wannan ma'ana, abin da su suke ji ke nan idan suna kaɗawa.

Ainihin wurin wannan kiɗa shi ne lila, zaman dare guda cur a cikin gida. Ana yanka dabba, a zagaya unguwa da ganguna, a dawo a yi waƙoƙin tuna kakanni da wasannin motsa jiki, sannan idan dare ya raba a shiga kiran muluk, wato iskokin da suka yi imani suna kama mutum. Kowane rukuni da launinsa da turarensa da takensa: fari, shuɗi na Sidi Musa mai ruwa, ja na Sidi Hammu mai mahauta, baƙi na Sidi Mimun, kore, rawaya na Lalla Mira. Wadda aka yi zaman dominta za a lulluɓe ta da mayafin launin, a kawo mata kaskon turaren jawul, ta yi ta rawa har ta faɗi. Mai tafiyar da komai mace ce, muƙaddama, ita ke cewa a ci gaba ko a dakata. Ba sai na gaya wa Bahaushe da me wannan ya yi kama ba. Kuma kamar yadda malamanmu suka yi tir da bori, haka malaman can suka daɗe suna kallon lila, duk da cewa Ginawa Musulmi suke ɗaukar kansu, waƙoƙinsu cike da salatin Annabi da ambaton waliyyai.

To ka haɗa abu uku a kan mutum ɗaya: baƙi ne jikan bawa, makaɗi ne, kuma ana danganta shi da aljanu. Matsayinsa a gari ba ɓoyayye ba ne. Da dare a kira shi gida a asirce idan wata ta kwanta ciwon da asibiti ya gaza, da rana a gan shi a dandalin Jami'ul Fana na Marakesh yana juya tunku yana miƙa hula a jefa masa tsaba. Da yawa daga cikin manyan makaɗan Essawira da sassaƙar itacen ar'ar suke ci da iyali. Baƙin ƙasashen waje ne suka fara ɗaukarsu da daraja. Randy Weston, makaɗin jaz Ba'amurke baƙar fata, ya zauna a Maroko daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970 yana zama da su yana koyo. A shekarun 1970 wani ɗan Essawira, Abdurrahman Paco, ya shiga da gimbiri cikin ƙungiyar Nass El Ghiwane, matasan ƙasar suka ji shi a rediyo cikin waƙoƙin da ke faɗin damuwarsu. A 1994 Pharoah Sanders, wani makaɗin jaz na Amurka, ya zo har Essawira ya yi faifai da babban makaɗin gimbiri Mahmud Guinia. Amma duk wannan bai hana maƙwabci raina maƙwabcinsa ba.

Garin kansa a lokacin ya mutu a tsaye. Tun da Faransawa suka kama Tambutu ayari ya ƙafe, suka kuma mai da Kasabalanka babbar tashar ruwa. Yahudawan suka watse zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada bayan 1948 da 1967, unguwarsu ta zama kango. Abin da ya rage kamun kifin sadin ne, da iska mai ƙarfi da ke kaɗawa ba hutu, wadda ta hana masu son kwanciya a rana zama, sai 'yan hipi da suka ratsa a zamaninsu suka bar labarin ziyarar makaɗin jita na Amurka Jimi Hendrix ta 1969, wanda har yau masu shayi ke ƙara masa gishiri.

A cikin wannan hali aka fara bikin a 1998. Wata matashiya mai kamfanin shirya taruka, Neila Tazi, ita da abokan aikinta suka ɗauki nauyin shiryawa. Abdussalam Alikane, ma'allam, wato shugaban makaɗan Ginawa, ɗan garin, masassaƙi mai ƙera gimbiri da hannunsa, ya zama mai zaɓen makaɗa. A bayansu kuma akwai André Azoulay, Bayahude haifaffen Essawira, mai ba Sarki Hassan na Biyu shawara, wanda ya ci gaba da riƙe muƙamin a zamanin Muhammad na Shida, kuma ya ɗaura aniyar farfaɗo da garin haihuwarsa ta hanyar al'adu. Kowa da abin da yake nema, ba laifi ba ne a faɗa. Shawara biyu suka yanke waɗanda a ganina su ne suka riƙe bikin har yau. Ta farko, manyan wasanni kyauta ne, a fili, a dandalin Maulay Hassan da ke tsakanin ganuwa da tashar jiragen kamun kifi. Ta biyu, ma'allam shi ne mai gida, baƙon da ya zo daga Amurka ko Faransa ko Mali, komai sunansa, shi zai hau ya same shi.

Wannan ta biyun ba ƙaramin abu ba ne. Ranar buɗe biki ana fara jerin gwano daga ƙofar Bab Dukkala, kowane ma'allam da yaransa cikin riguna masu ruwan ja da kore da shuɗi, ganguna a rataye, ƙarafa na tashi, 'yan ɗariƙun Isawa da Hamadsha na biye, hukuma na jiransu a tsaye. Mutumin da ubansa ya yi bara da wannan hula, yau gwamna ne ke tafa masa. Wanda bai taɓa zama a inda ake raina sana'ar gidansu ba zai ce ai wasan kwaikwayo ne. Wataƙila. Amma yaron da ke tafe a bayan ubansa a jerin nan ba zai girma yana ɓoye sunan gidansu ba.

Yanzu ga kukan masu kuka, kuma ba shirme suke faɗa ba. Sun ce a lila take ba shi da agogo, ana kaɗa shi har sai mai rawa ta sami sauƙi, a dandali kuwa minti kaza aka ba ka, ga wani na jiran layi. Sun ce jerin taken yana da tsari, ba a kiran ja kafin a sallami shuɗi, amma a dandali ma'allam na tsince masu daɗin rawa ne ya watsar da saura. Sun ce da sai yaro ya shekara da shekaru yana kaɗa ƙarfe a bayan maigidansa, yana ɗaukar masa kaya, kafin a yarda ya taɓa gimbiri a gaban mutane, yau kuwa ya koya a YouTube, ya ɗinka riga, ya kira kansa ma'allam. Akwai kalmar da suke yawan faɗa, tagnawit, wato Ginawancin gaske, kuma kowane dattijo zai rantse maka ya ƙare daga kansa. Sun ƙara da cewa manyan makaɗa sun yi tsada, talakar da ke son a yi mata lila ba ta iya biyansu, ko ma suna Turai yawon wasa.

Mafi ƙarfin hujjarsu a wurina ita ce ta mata. A cikin gida muƙaddama ce shugaba, makaɗi ma'aikacinta ne. Dandali ya juya abin: namiji mai gimbiri ya zama tauraro, sunansa a allo, ita kuwa ba ta da gurbi ko kaɗan, domin aikinta ba na kallo ba ne. Gaskiya ne daga baya mata sun fara hawa da kansu, irin su Asma Hamzawi 'yar Kasabalanka da ƙungiyarta ta mata zalla, wadda ta karɓi gimbiri daga hannun mahaifinta. Amma wannan sabuwar kujera ce aka samu, tsohuwar ba a dawo da ita ba.

Duk da haka ban bi su ba. Masu wannan kuka sau da yawa baƙi ne masu bincike ko masu sha'awa, waɗanda ke son su tarar da abin yadda yake a littafi, su ɗauki hoto, su koma gida. Ba su ne za su zauna cikin talaucin da ya adana shi a haka ba. Kiɗan da 'ya'yan gida ke gudunsa saboda kunya, ko ba dandali mutuwa zai yi, kuma mutuwar da ba mai zuwa jana'iza. Raba kiɗan da zaman iskokin da suke ganin hasara ce, shi ne ya ba magidanci damar zuwa da matarsa da 'ya'yansa ya saurara ba tare da ya ji ya taɓa imaninsa ba. A babban dandali ba a yanka, ba a lulluɓa mayafi. Wanda ke son zama irin na da, akwai ƙananan wurare kamar zawiyyar Sidna Bilal da Dar Suwiri inda ake kaɗawa a zaune har tsakar dare, lila ta gaskiya kuma tana nan a gidaje, musamman a watan Sha'aban, ba ta nemi izinin kowa ba.

Haɗa kiɗan da na baƙi kuma, wanda shi ne tambarin bikin, wani lokaci yana yin kyau wani lokaci hayaniya ce kawai. Idan aka tara mutum goma sha da ba su taɓa haɗuwa ba, aka ba su kwana ɗaya ko biyu na gwaji, ga gangunan bature, ga ƙahonni, ga iskar teku na kwashe sauti, gimbiri ne ke fara nutsewa, ma'allam ya koma kamar ado a tsakiyar dandalinsa. Amma idan baƙon mai kunne ne, abin sai wanda ya gani. Haɗuwar Ba'amurke Marcus Miller da ma'allam Mustafa Baƙbu a 2014 ta zauna daram saboda jitar Miller mai babbar murya da gimbiri aiki ɗaya suke yi, har bugun babban yatsan ma iri ɗaya ne. Haka ta ma'allam Hamid El Kasri da ƙungiyar Snarky Puppy ta Amurka a 2018. Ba kowace shekara ake samun irin wannan ba, kuma ba dole ba ne.

Abin da ya fi burge ni ma ba kiɗan ba ne, naci ne. An kai harin bam Kasabalanka a watan Mayun 2003, bikin bai tsaya ba. Da azumi ya faɗo cikin Yuni aka matsar da shi Mayu a 2015 da 2016, ba a soke ba. Korona ce kaɗai ta dakatar da shi a 2020 da 2021, a 2022 aka zagaya da shi wasu birane, a 2023 ya koma gida, a 2024 aka yi karo na 25. A tsakanin nan masu shi sun kafa ƙungiyar Yerma Gnaoua, suka bi dattawa suka naɗi taken da ke shirin ɓacewa suka rubuta baitocin, suka tura takarda har UNESCO ta sa Ginawa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2019. Tsohon garin kansa ya shiga jerin wuraren tarihi tun 2001. Idan ka tuna cewa bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya girme shi da shekara sama da 60, ya yi shekara 10 cur ba a yi shi ba kafin 2020, za ka gane cewa yin abu kowace shekara a kan lokaci shi kansa gwaninta ce.

A bikin 2015 Mahmud Guinia ya hau dandali ciwo ya riga ya cinye shi. Shi ne ƙaton muryar Essawira, ɗan ma'allam Bubakar, jikan mutanen da aka kawo daga Mali. Kafin ya sauka ya miƙa wa ɗansa Husam gimbirinsa a gaban dubban mutane, mutane na kuka. A watan Agusta ya rasu. A da irin wannan miƙa gado a cikin ɗaki ake yinsa, shaidu ba su wuce goma ba. A watan Yunin 2015 ɗin ne mu ma muka rasa Ɗan Maraya Jos.

To ina ƙorafin nawa? Ka saurari yadda ake tallar bikin: zaman lafiya, haƙuri da juna, haɗuwar al'adu, Maroko ƙofar Afirka. Duk kalmomi masu daɗi, kuma sun dace da hoton da gwamnati ke son nuna wa Turai da sauran ƙasashen Afirka. Ana ambaton bauta, ba a ɓoye ta ba, amma a jimla ɗaya, kamar wani ruwan sama da aka yi aka ɗauke tun zamanin kakanni, ba mai laifi, ba wanda ya ci riba. Alhali gidajen da baƙi ke haya a tsohon garin, wasunsu da ribar ayarin nan aka gina su. Baƙar fatar Maroko har yau suna jin kalmar cin mutunci ta azzi a titi, har sai da aka yi gangami a 2014 mai taken cewa ba sunana ke nan ba. Kuma a ranar 24 ga Yunin 2022, a shingen Melilla da ke arewacin ƙasar, mutum aƙalla 23 bisa ƙidayar hukuma suka mutu suna neman tsallakawa yankin Sifen, mafi yawansu 'yan Sudan, ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma suka ce adadin ya fi haka. Ƙasar da ke tafa wa jikokin waɗanda suka keto Sahara a ɗaure, ita ce ke tsaron ƙofa a kan waɗanda suka keto ta yau da ƙafarsu. Tun 2012 bikin na da zauren tattauna haƙƙin ɗan'adam, ana kuma taɓo hijira a can, wannan a yaba musu. Sai dai zauren na manyan baƙi ne masu katin gayyata da Faransanci a baki. Dubban da ke tsalle a dandalin Maulay Hassan ba sa jin ko kalma ɗaya daga ciki.

Akwai kuma shingen ƙarfe da ke gaban dandali. Kyauta ne, haka ne, amma wurin da ya fi kusa da makaɗa na masu tikiti ne da manyan baƙi, 'yan gari na can baya suna kallon allo. Gidajen tsohon garin da yawa sun koma hannun Turawa da attajiran Kasabalanka sun zama masaukin baƙi, haya ta tashi, masu ƙaramin ƙarfi sun fita bayan ganuwa. Ba bikin kaɗai ya jawo haka ba, amma shi ya buɗe ƙofar. Kuma tsakanin ma'allam goma da ke yawo a jirgin sama da ɗaruruwan kuyu da ke kaɗa ƙarfe a gidajen cin abinci don abin da baƙo zai jefa, tazarar tana da faɗi.

Amma kafin mu miƙa wa Larabawa yatsa, mu dubi gida. Ba aljanu ne suka kai Bahaushe Tuwat da Tarabulus ba. Sarakunanmu sun kai hari, fatakenmu sun saya, an yi cinikin mutane a kasuwar Kurmi kamar yadda aka yi na fata da turkuɗi. Jar fatar akuyar Sakkwato ta isa Turai da sunan fatar Maroko, muna ba da wannan labari da alfahari, na mutanen da suka bi hanya ɗaya da fatar kuwa ba ma son tayar da shi. Har yau akwai gidajen da idan aka zo neman aure sai an bincika ko akwai bauta a asali. Makaɗi kuma mu yi rawa da kiɗansa, mu yi masa liƙi, mu hana shi 'yarmu. Saboda haka idan na ce Essawira na faɗin rabin labari, mu ko rabin ba mu fara ba.

Abin da nake so in gani ba mai wuya ba ne. A ɗauki mai garaya ko mai gurmi daga Katsina ko Maraɗi, da mata biyu masu sambani, a zaunar da su a zawiyyar Sidna Bilal gaba da gaba da ma'allam, ba gangunan bature, ba ƙaho. A jero musu baitocin nan da Ginawa suka gada ba su san ma'anarsu ba, a ga ko akwai wanda tsohon Bakatsine zai gane. Kafin a fara kuma wani ya tashi, da Larabcin da 'yan gari ke ji, ya faɗi hanyoyin da aka bi da mutanen, da garuruwan da aka sayar da su, da fatawar Ahmad Baba, da malamin Fas da aka kashe. Masu shirya bikin sun nuna suna iya kawo mawaƙa daga Kuba da Indiya da Koriya, Katsina ba ta fi nan nisa ba. Daga ɓangarenmu kuwa, ma'aikatun al'adu na jihohin Arewa da na Nijar ba sa buƙatar jiran gayyata, wasiƙa ɗaya ce zuwa ga ƙungiyar Yerma Gnaoua da kuɗin jirgin mutum huɗu ko biyar.